Shin Amurka tana da tsohon birni na ginin ƙasa irin namu?

Tambaya: Ni ɗalibi ne mai karatun zanen gine-gine. Duk hotunan Amurka da muke gani dogayen benaye ne na ƙarfe da gilashi. Shin suna da wani tsohon birni da ya riƙe gininsa na gargajiya da al'adunsa, kamar cikin birnin Kano ko Agadas? In akwai, yaya aka yi ya tsira?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, ba ma ɗaya ba. St. Augustine da ke jihar Florida tun 1565 Sifaniyawa suka kafa shi, ga kuma Boston da Charleston da New Orleans, kowanne da tsohuwar unguwarsa. Amma tunda Kano da Agadas ka ambata, birnin da ya kamata ka sani shi ne Santa Fe, babban birnin jihar New Mexico, can kudu maso yammacin ƙasar. Da ƙasa aka gina shi, aka yi masa rufin soro da indararo, kuma maginin Kano in ya shiga tsoffin lungunansa ba zai nemi tafinta ba kafin ya gane abin da aka yi.

Garin a kan tudu yake, sama da mita 2,100 daga teku, a gindin duwatsun Sangre de Cristo. Ruwan sama kaɗan yake samu, wajen milimita 350 a shekara, kusan irin na garin Tawa a Nijar, kuma a Yuli da Agusta ya fi sauka. Bambancinsa da mu shi ne hunturu: ƙanƙara tana zuba, ruwa yana daskarewa a cikin tsagin bango. Ba babban gari ba ne, a ƙidayar 2020 mutanensa ba su kai 90,000 ba. Gwamnan Sifaniya Pedro de Peralta ne ya kafa shi a 1610, shekara 10 kafin Turawan Ingila su sauka Plymouth a gabar gabashin Amurka, shi ya sa duk cikin manyan biranen jihohin Amurka babu wanda ya kai shi tsufa. Kuma ba a kan fili wofi aka kafa shi ba. Mutanen Tewa, ɗaya daga cikin al'ummomin da ake kira Pueblo, sun zauna a wannan wuri tun kafin wani Bature ya san da shi.

Bari in daɗe a kan ginin kansa, tunda shi ne karatunka. Hannu biyu ne suka haɗu a cikinsa. Mutanen Pueblo da hannu suke ɗora laka, sahu kan sahu, in wannan ya sha iska a ɗora na gaba, har su tayar da gida mai hawa da yawa, wanda a da ta saman soro ake shiga da tsani. Har yau garinsu na Taos, wajen kilomita 110 arewa da Santa Fe, yana tsaye da hawa biyar, mutane suna ciki, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1992. Sifaniyawa kuwa abin da suka kawo shi ne akwatin katako na buga bulo, fasahar da ta daɗe a Andalus da Arewacin Afirka. A kwaɓa ƙasa da yashi da ciyawa, a zuba a akwati, a zare shi, a bar wa rana sauran aikin. Bulon da ake bugawa a can yanzu tsawonsa santimita 35 ne, faɗinsa 25, kaurinsa 10, nauyinsa wajen kilo 14. Suna kiransa adobe. Namu tubalin da hannu ake mulmula shi, gindi faffaɗa kai a tsuke, a jera shi a tsaye. Nasu kwance ake jera shi kamar bulon siminti. Kaurin bangon tsoffin gidaje yakan haura rabin mita, na coci-coci ya wuce mita guda, shi ya sa ɗaki yake da sanyi da rana, da dare kuma bangon ya saki ɗumin da ya sha.

A rufi ne za ka ga inda muka rabu da su, kuma itace ne ya raba mu. Mu azarar giginya muke da ita, wadda ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazarar ta wuce mita biyu da 'yan kai. Wannan ƙarancin ne ya sa maginanmu suka ƙware a bakan gizo da ɗaurin guga, har Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe masallacin Juma'a na Zariya da bakunan da har yau ake zuwa kallo. Su kuwa dajin dogayen itatuwa ne a bayan garinsu. Sai su sare gungume miƙaƙƙe, su ɓare ɓawonsa, su gicciya shi daga bango zuwa bango, mita huɗu ko biyar ba tare da ginshiƙi ba. Viga suke ce masa. A kansa a jera siraran sanduna, wani lokaci a karkace, sahu ɗaya ya kalli dama na kusa da shi ya kalli hagu, sai shimfiɗar ciyawa, sai ƙasa mai kauri a daddaɓe. Da yake gungumen ya wadatar da su, ba su nemi baka ba, sai ɗakunansu suka zama dogaye marasa faɗi, tsawon itace shi ke yanke faɗin ɗaki. Duk mai son ƙarin wuri sai ya ƙara ɗaki a gefe. A ganina, in ana maganar gwanintar rufi, maginan Hausa sun sha gabansu nesa. In kuwa maganar aikin katako ce, sassaƙar kan ginshiƙi da ƙofofi da tagogi, to sun fi mu.

Sauran abubuwan duk ka san su. Bango yana ɗan haura rufi kamar rawanin soro, ana huda shi a sa indararon katako mai tsawo don ruwa ya zuba nesa da gindin gini. Gidan mai hali yakan kewaye tsakar gida, da ƙofa guda babba mai rufi wadda amalanke zai iya shiga, aikinta kusan na zaure. A kusurwar ɗaki akwai murhun jin ɗumi na laka, a waje akwai tanderun gasa burodi mai kamar tulluwa. Wani abu da yake burge ni: a can yaɓe aikin mata ne. Maza su buga bulo su ɗora gungume, mata su yaɓe bango da tafin hannu, su goge shi da fatar tunkiya, su shafe ciki da farar ƙasa. Mu a nan daɓe muka sani a hannun mata, da waƙoƙinsa.

A tsakiyar gari akwai dandali mai kusurwa huɗu, yadda dokar Sarkin Sifaniya ta 1573 ta tsara wa garuruwan mulkin mallaka. Gefen arewa duk Fadar Gwamnoni ce ta cinye shi, dogon gini mai hawa ɗaya da rumfa a gaba, wadda aka fara a 1610. Wannan gini ya ga abin da ya gani. Sifaniyawa sun ɗora wa mutanen Pueblo haraji da aikin dole, limaman coci sun hana su addininsu, suna ƙona kayan ibadarsu. A Agustan 1680 wani mutumin Tewa mai suna Popé ya haɗa kan garuruwa masu harsuna daban-daban, aka aika masu gudu da igiya mai ƙulli, kowace safiya a kwance ƙulli ɗaya, ranar da na ƙarshe ya kwance a tashi gaba ɗaya. An kashe Sifaniyawa wajen 400, ciki har da limamai 21, sauran kusan 2,000 suka gudu kudu har El Paso. Shekara 12 'yan ƙasa suna riƙe da ƙasarsu, suka mayar da fadar gidan zama irin nasu. Sabon gwamnan Sifaniya Diego de Vargas ya dawo da mulkinsu a 1692, a ƙarshen 1693 kuma ya ƙwace garin da jini. Amma Sifaniyawan da suka dawo ba su sake matsa wa addinin mutane kamar da ba, kuma wannan yana cikin dalilan da suka sa al'ummomin Pueblo 19 suke nan a jihar har yau da harsunansu da bukukuwansu. A ƙetaren rafi akwai cocin San Miguel, wanda aka fara a farkon ƙarni na 17, aka lalata shi a boren, aka sake tayar da shi a 1710.

Meziko ta sami 'yanci daga Sifaniya a 1821, garin ya koma ƙarƙashinta, a shekarar kuma wani ɗan kasuwar Amurka, William Becknell, ya buɗe hanyar fatake daga Missouri, tafiyar wajen kilomita 1,400 da amalanke. Sojojin Amurka suka shigo a 1846, yarjejeniyar 1848 ta ba su yankin. Daga nan ginin ya fara sauya kama: gilashin taga, katakon inji, da jeren jan bulo a saman bango don kare shi daga ruwa. Babban limamin Katolika Jean-Baptiste Lamy, Bafaranshe, bai ga darajar ginin laka ba. Ya kawo magina daga Turai, daga 1869 zuwa 1886 suka tayar da babban coci na dutse a kewaye da tsohon na ƙasa, da aka gama sai aka rushe na cikin aka fitar da ɓaraguzansa ta ƙofa, ɗaki ɗaya kawai aka bari. Ƙaramin cocin Loretto na 1878 ma salon Faransa ne, shi ne mai matakalar katako da ta murɗe sau biyu ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Da jirgin ƙasa ya iso a 1880 sai ga kwano da gasasshen bulo da araha, masu kuɗi suka fara jin kunyar ginin kakanninsu. Wannan labarin ba baƙo ba ne gare mu.

To yaya aka yi ya tsira? Talauci ne ya fara cetonsa, shawara ta biyo baya, doka ta kulle. Babban layin dogo bai bi ta Santa Fe ba, ya wuce ta kudu, reshe kawai aka jawo masa. Ciniki ya koma Albuquerque, garin ya yi sanyi, babu kuɗin rushewa a sake gini. A 1912, shekarar da New Mexico ta zama jiha ta 47, shugabannin garin da masu binciken kayan tarihi, irin su Edgar Lee Hewett da Sylvanus Morley, suka zauna suka ga ba za su iya gasa da kowa a masana'antu ba. Abin da suke da shi wanda babu a wani wuri shi ne kamannin garin. Suka bi unguwanni suna ɗaukar hoton tsoffin gidaje, suka tsamo siffofin da za a riƙa maimaitawa. A 1913 aka cire wa Fadar Gwamnoni rumfar zamani da aka yi mata, aka sa ta gungume wadda ake gani yanzu. A 1917 aka gina gidan adana zane-zane da ya kwaikwayi tsoffin coci-cocin Pueblo, musamman na Acoma, a 1922 aka buɗe otal ɗin La Fonda. Sai John Gaw Meem, wanda ya zo garin a 1920 neman maganin tarin fuka, ya warke ya zauna, ya zama babban mai zanen wannan salo. Shi ya zana cocin Cristo Rey da aka gama a 1940, wanda mutanen unguwa suka buga masa bulon ƙasa fiye da 150,000 da hannunsu. A 1957 majalisar gari ta kafa doka, Meem na cikin waɗanda suka tsara ta: a tsohon gari, duk sabon gini ko gyara sai ya bi salon, rufi shimfiɗaɗɗe, launin ƙasa, tagogi daidai misali, kuma sai kwamiti ya duba zane kafin a sa hannu.

A nan nake so ka buɗe ido sosai. Dokar kamanni ta tsare, ba ta ce dole a yi da ƙasa ba. Saboda haka yawancin abin da baƙo yake gani yana sha'awa a yau katako ne ko bulon siminti, aka yi masa filasta aka shafa launin ƙasa. Bankuna, gidajen mai, wuraren ajiye motoci, duk sun sa riga ɗaya. Gane na gaske ba wuya. Ƙwanƙwasa bangon: na ƙasa ba ya amsawa, na katako yana ƙara kamar akwati. Dubi zurfin taga, domin shi ke nuna kaurin bango. Sannan dubi kawunan gungumen da suka leƙo waje. A ginin gaske ɓangare biyu masu fuskantar juna kawai za ka gan su, tunda gungume hanya ɗaya yake kwanciya. In ka gan su sun leƙo ta kowace fuska huɗu, guntaye ne aka maƙala don ado. Masana da yawa a can suna sukar wannan, suna cewa an ƙirƙiro wa garin tsufan da ya fi na ainihi tsafta, an kuma share gine-ginen ƙarni na 19 waɗanda su ma tarihi ne. Sukar tana da gaskiya. Duk da haka ni ina ganin dokar ta yi amfani, domin ba don ita ba da dogayen benaye sun danne dandalin, da ginin ƙasa na gaske da ya rage bai sami maƙwabtan da zai zauna a cikinsu da mutunci ba.

Abin da ya kusa kashe na gasken kuwa siminti ne, kuma da kyakkyawar niyya aka kawo shi. Mutane sun gaji da yaɓe duk shekara, matasa sun tafi birane neman aiki, sai aka riƙa lulluɓe tsoffin bangaye da filastar siminti. Bangon ƙasa yana shan danshi daga gindi yana fitar da shi ta jiki. In ka rufe shi da siminti danshin ba shi da mafita, filastar ta tsage ruwa ya ƙara shiga, sanyi ya daskarar da shi, ƙasar ta narke a ciki alhali waje yana nan sumul, sai ranar da bango zai zube. Cocin Ranchos de Taos ya sha wannan: an yi masa filasta mai tauri a shekarun 1960, kafin ƙarshen shekarun 1970 dole aka ɓamɓare ta aka sake gina wasu sassa. Tun daga nan kowane Yuni jama'ar unguwa suke fitowa gayya, yara da manya, su yaɓe shi da laka da ciyawa. San Miguel ma daga 2010 ƙungiyar Cornerstones ta jagoranci masu aikin sa kai aka cire masa siminti aka mayar da laka. Duk sa'ad da na ga an yi wa tsohon soro filastar siminti a garuruwanmu, an bar makuba da laso, raina yana ɓaci, domin na san abin da ke faruwa a bayan wannan filastar.

Ta fuskar al'ada garin ya fi girmansa. Kowace safiya a ƙarƙashin rumfar Fadar Gwamnoni 'yan asalin ƙasar suna shimfiɗa barguna su baza kayan azurfa da shuɗin dutse da tukwane. Da ƙuri'a ake raba wurin zama, kuma ƙa'ida ce duk abin da ka baza kai ko mutanen gidanka kuka yi shi da hannu. Wannan ƙa'idar ta tsare sana'ar daga kayan kwaikwayo na masana'anta. A Agusta ake babbar kasuwar masu fasaha 'yan asalin ƙasa, wadda ta faro a 1922, masu sana'a wajen 1,000 suke cika dandalin da titunan kewaye. A Yuli akwai ta jikokin Sifaniyawa, ta masassaƙa da masaƙa da masu aikin gwangwani, wadda aka fara a 1926. Tun 2004 kuma ake kasuwar sana'o'in hannu ta duniya, inda maƙeran azurfa Buzaye daga Agadas suke kai kayansu. A 2005 UNESCO ta sa Santa Fe cikin biranen fasaha, shi ne na farko a Amurka. Titin Canyon Road, tsohuwar hanyar masu kawo itacen wuta a kan jakuna, yanzu shagunan zane ne jere a cikin tsoffin gidajen ƙasa, a daren Kirsimeti kuma ana jera kyandirori cikin jakunkunan takarda masu yashi a kan katangu da soraye. Kusa da shi magudanar ban-ruwa ta Acequia Madre tana gudu tun zamanin Sifaniyawa, da shugabanta mai raba ruwa, masu haƙƙi kuma suna fitowa yashe ta kowace bazara. A gidan abinci tambayar farko ita ce barkono ja ko kore, kuma da kaka duk garin ƙamshin gasa koren barkono yake.

Ba duka ne daɗi ba. Bikin gari, wanda aka ayyana tun 1712 don tunawa da dawowar de Vargas, ya daɗe yana ɗauke da wasan kwaikwayo mai nuna an karɓi garin cikin lumana. Mutanen Pueblo sun yi ta cewa ba haka kakanninsu suka ba su labari ba, har aka daina wasan a 2018. A Oktoban 2020 masu zanga-zanga suka kayar da hasumiyar tsakiyar dandali, wadda a da take da rubutun da ya kira 'yan asalin ƙasar dabbobin mutane. Ga kuma tsada. Kyawun garin ya jawo masu kuɗi daga wasu jihohi, farashin gida da harajinsa suka hau, iyalai da yawa da kakanninsu suka buga bulon waɗannan gidaje suka sayar suka koma gefen kudu, yankin hanyar filin jirgi. Ginin da a da na talaka ne yanzu sai mai hali, saboda kuɗin ƙwadago. Duk mai shirin raya tsohon birni don masu yawon buɗe ido ya kamata ya fara da tambayar inda mazauna za su kwana bayan shekara 30.

In Allah ya kai ka, ka ƙara tafiyar wajen kilomita 80 arewa maso yamma zuwa Abiquiú. A can akwai masallacin Dar al Islam, wanda Hassan Fathy na Masar ya zana. Ya je da kansa a 1980 tare da magina biyu Nubawa, wato mutanen kudancin Masar, suka koya wa mutanen wurin yadda ake tayar da baka da ƙubba da bulon ƙasa ba tare da katakon tallafi ba, dabarar da ba ta cikin ginin gargajiyar yankin.

Sannan ka nemi dokar ginin ƙasa ta jihar New Mexico ka karanta, tana intanet. Ta faɗi ƙarfin da bulo zai kai kafin a yarda da shi, wajen megafaskal 2 a ma'aunin jure danni, ta hana wuce hawa biyu, ta wajabta harsashi mai ɗaga bango daga danshi da ɗamarar kankare ko katako a saman bango kafin a ɗora rufi. Saboda wannan doka injiniya yana iya sa hannu a kan gidan ƙasa, hukuma ta ba da izini, banki ya ba da bashi. In kana neman abin da za ka yi aikin kammala karatu a kansa, ka samo tubali daga wurin maginan Kano ko Zariya, ka kai ɗakin gwaji na sashenku, ka auna ƙarfinsa da yadda yake shan ruwa, da makuba da kuma babu, ka jera sakamakon kusa da waɗannan ma'aunai.